Hannun da Tasalla Ke Ɓoyewa

Da jakar kayan wasan kurket ta iso makarantar a bayan babur, malamai suka kewaye ta kamar an kawo jariri, kowa na leƙe, ba wanda ya san kan abin. Makarantar 'yan mata ce a gefen garin Roni, can inda duwatsu suka fara, kuma mutum ɗaya ce tak a cikinta ta taɓa riƙe ƙwallon kurket, wato Malama Ya Kura mai koyar da wasanni. Ita ma kada a zuzuta, ɗan kwas ne na 'yan kwanaki aka tura ta Dutse ta yi. Sai dai Ya Kura irin mutanen nan ne da ba sa iya wuce abu ba su ga cikinsa ba. Tun tana yarinya a shagon babanta a Kazaure, in aka kawo sabuwar tocila sai ta kwance ta don ta ga inda hasken yake kwana. Ta sha duka a kan haka, bai hana ta ba.

'Yan aji uku aka ba ta, kowace Alhamis a darasin ƙarshe. Ranar farko ta zazzage jakar a gabansu, sai Sadiyya, wadda bakinta ba ya hutawa ko a sahun salla sai an harare ta, ta ɗaga katakon bugun ƙwallo tana juya shi.

"Malama, wannan muciyar ai ta tuwon suna ce."

"Ajiye ta, ba yau za mu tuƙa ba," in ji Ya Kura. Ta ɗauki jan ƙwallon mai ɗinki a tsakiya ta ɗaga shi sama. "Yau wannan za mu koya. Na san duk kun iya jifa. Mangwaron bayan ofis bai taɓa nuna a bishiya ba saboda ku. To wancan jifan ku bar shi a gida. A kurket ba a lanƙwasa gwiwar hannu. Hannu a miƙe zai taso daga baya, ya shafi kunne, sannan ki saki."

Ta kafa sanduna uku a ƙarshen fili, ta zuba toka a ƙasa ɗan nesa da su, ta ce nan ake so ƙwallo ya dira kafin ya tashi ya nufi sandunan. Ta nuna musu riƙo, yatsu biyu a gefen ɗinki, babban yatsa a ƙasa. Ta nuna musu yadda ake tsayawa a karkace, a haɗa hannaye biyu a ƙirji, ɗaya ya tashi ya nuna inda za a jefa, ɗayan ya biyo da ƙwallo.

Tabɗi! Abin da aka gani ranar sai wanda ya gani. Zulaikha doguwa ta kama abin nan take, kamar da shi aka haife ta. Ƙwallon Sadiyya kuwa baya ya yi, ya tarwatsa kajin maigadi. Wasu na sakin ƙwallo da wuri ya tafi sama, wasu na makara ya daki ƙasa a gaban ƙafarsu. Ya Kura ba ta damu ba. Ta raba su. Masu tsoro ta ba su ƙwallon roba, ta matso da su kusa, ta ce su jefa daga tsaye. Masu taurin gwiwa ta naɗe musu hannu da kwalin taliya ta ɗaure da igiya, ta yadda ko sun so lanƙwasawa ba hali. Zulaikha da ire-irenta ta ce su fara haɗawa da gudu. Kafin damina ta ɗauke, kusan kowa ta fara samun tokar nan, ko da sau ɗaya a cikin jifa da yawa.

Ban da Tasalla.

Tasalla 'yar rugar bayan dutse ce, siririya, marar magana. A aji malamai sun gama yanke mata hukunci, sun ce kanta ba ya ja, domin rubutunta kamar sawun tururuwa yake, kuma kafin ta kwafe layi ɗaya an share allo. Amma ranar Alhamis ita ce farkon zuwa fili. Ita ke tsince duwatsu, ita ke ɗebo toka a kicin, ita ke kafa sanduna, in an tashi ita ke ɗaukar jaka. Sai an zo jifa abin ya zama abin tausayi. Za ta taho da gudu lafiya lau, tana zuwa wurin saki sai ƙafafunta su harɗe, ƙwallo ya tafi inda Allah ya nufa, ita kuma ta yi taga-taga. Har yara sun sa mata suna Sarkin Tuntuɓe. Ba ta taɓa fushi ba, sai ta karkaɗe wandonta ta koma bayan layi.

Ana nan sai shugaban makarantar, Malam Daudu, ya kira Ya Kura ofis. Mutum ne mai tumbi da fara'a, ba shi da mugunta, amma in ya faɗi magana ya faɗa.

"Malama, an gayyace mu wasa da wata makaranta a Kazaure ƙarshen zango. Aji guda cur a kan ƙwallaye 'yan ƙalilan, ba za ki fitar da gwanaye ba. Alhamis ta sama ni da kaina zan riƙe katakon. Duk yarinyar da ta jefo mini ƙwallo yadda ya kamata ta zauna. Wadda ta kasa ta koma ban-ruwan lambu da sauran."

"Ranka ya daɗe, akwai masu tahowa a hankali."

"Lambun ma yana son masu hankali," ya ce yana dariya, ya jawo wata takarda, alamar magana ta ƙare.

Ya Kura ta fito ranta a jagule. Ta san mutum ɗaya wannan hukuncin zai ci, kuma ita ce wadda ta fi kowa son filin. In aka cire Tasalla daga nan, ba sauran wuri a makarantar da za ta riƙa zuwa da sauri.

Abin da ya fi cin ran Ya Kura ma shi ne ta kasa gane matsalar. Kuskuren sauran yaran a hannu yake, ta san maganinsa. Na Tasalla a ƙafa yake. Mai jifa da dama ƙafar hagu ce ke dira a gaba, haka jikin kowa yake yi ba sai an koya masa ba. Tasalla kuwa kullum ƙafar dama take jefawa gaba, sai a ƙarshe ta tuna, ta nemi canzawa, nan take harɗewa. Me ya sa? Yarinyar da ke hawan dutse da tulu a ka ba za a ce ba ta san inda ƙafarta take ba.

Da yamma a tsakar gidansu a Kazaure ta ɗauki lemon tsami ta shiga kwaikwayon Tasalla. Ta taho da gudu, ta jefa ƙafar dama gaba, ta kusa faɗawa kan turmi. Ta sake. Mahaifiyarta da ke tsintar shinkafa ta ɗago kai.

"Ya Kura, lafiya? Ko in kira mai ruƙiyya?"

"Aiki nake, Iya."

"Aikin gwamnati ya zama haka yanzu? Allah ya kyauta."

A karo na gaba ba ta yi ƙoƙarin gyara ƙafar ba, ta bar jikinta ya tafi yadda yake so. Sai ta ji kafaɗar hagu ce ke neman juyowa. Ta tsaya cak da lemon a hannu. Ta shiga tuno Tasalla: a aji, a layin taro, a fili, hannunta na hagu kullum yana cikin hijabi, kamar mai ɓoye ƙuna.

Washegari lokacin tara ta hango ta ita kaɗai a gindin darbejiya. Ba ta yi sallama ba, ta ciro ƙwallon roba ta wurga mata saitin fuska, ta ce, "Tasalla!"

Kafin ƙiftawar ido hannun hagu ya fito daga hijabi ya cafke ƙwallon, caf, ko motsi kanta bai yi ba. Sai kuma ta sake shi kamar ta taɓa garwashi, ta mayar da hannun ciki, ta waiga dama da hagu ko wani ya gani.

"Ashe bahaguwa ce ke," in ji Ya Kura, daɗi ya cika ta.

"A'a Malama, na daina. Tun ina ƙarama na daina."

"Ke kika daina, jikinki bai daina ba. Tashi ki jefo mini da shi."

Ta ja da baya ta tsaya ta buɗe hannaye. Tasalla ta ɗauki ƙwallon da dama, ta tsaya tana kallon ƙasa.

"Malama, in jefe ki da hagu? Ke fa malamata ce."

"Ni na ce ki yi."

"Kakata Inna ta ce ko kare ba a ba shi abu da hagu, balle babba. In ta ji, wallahi ba zan iya kallon idonta ba." Hawaye ya taru mata. "Gara lambun."

Ashe maganar lambun ta riga ta kai kunnen yara, abin ya sosa wa Ya Kura rai. Ta so ta yi faɗa, ta ce wasa ne, ba komai ba ne, amma ta haɗiye. Ita kanta da za ta miƙa wa Iya kofi da hagu, da kofin zai dawo mata a goshi. Ba yarinyar za a lallasa ba. Ranar Asabar ta sa jan ƙwallon mai ɗinki a jaka ta hau ɗan acaɓa zuwa rugar bayan dutse.

Ta tarar da Inna Fatu, kakar Tasalla, a gindin bukka tana dama fura. Tsohuwa ce ƙarama mai kaifin ido. Ta shimfiɗa mata tabarma, aka gaisa, aka tambayi shanu da mutanen Kazaure, ta miƙo mata ludayi, Ya Kura ta karɓa da hannu biyu. Tasalla na can nesa wajen 'yan maruƙa, ta kasa kunne. Sai da ƙwarya ta yi rabi Ya Kura ta faɗi abin da ya kawo ta.

Inna Fatu ba ta yi mamaki ba. "Ni na ɗaure shi," ta ce. "Tun tana rarrafe na ga da shi take kai wa ƙwarya. Na cusa shi cikin riga na ɗaure da ƙyalle. In ya fito in doke shi. Ta yi kuka, ni ma na yi, ba a gabanta ba. Malama, nono muke sayarwa. Wa zai sha nonon da aka zuba masa da hagu? Wane gida za ta shiga ta miƙa wa babba ruwa da hagu ba a ce kakarta ba ta yi mata tarbiyya ba? Yanzu na gama wahalata ki zo ki kwance?"

"Inna, ba ki yi laifi ba. Ni ma haka aka tashe ni."

Duk maganar da Ya Kura ta shirya a kan babur ta watse. Ta ciro ƙwallon kawai ta ajiye a kan tabarma. Ai kuwa idon tsohuwa ya sauka a kansa. Ta ɗauka, ta jinjina nauyinsa, ta bi ɗinkin da farce, har ta shinshina. Ya Kura ta gane irinta ce, mai son ganin cikin abu.

"Fata ce. Wa ya yi wannan ɗinkin? Ya iya." Ta juya shi. "To shi wanda ake jefa wa, me yake yi da shi? Karɓa yake ya ajiye?"

"A'a, Inna. Yana tsaye da katako yana tare wasu sanduna a bayansa. Mai jifa so take ƙwallon ya wuce shi, ya kasa taɓawa, ya kayar da sandunan. In sun faɗi ya fita daga wasan."

"Wato ba ba shi ake yi ba."

"Ko kaɗan. Hana shi ake yi."

Inna Fatu ta ci gaba da jujjuya ƙwallon. Can ta ce, "To ai wannan ba miƙawa ba ce, kora ce. Ni in akuya ta sa baki a garina, hannun da ya fi kusa da hoge da shi nake jifa, ban taɓa tsayawa zaɓe ba." Ta ɗaga murya ba tare da ta waiga ba. "Ke mai kunnen zomo, matso, na san kina ji."

Tasalla ta zo ta durƙusa.

"Abinci da dama. Gaisuwa da dama. Miƙa wa mutum abu da dama, har ki mutu. Wannan abin na Malama ki yi da wanda kika ga dama. Amma in babba ne a gabanki, ki nemi afuwa tukuna. Kuma dama ta taɓa hagu kafin abin ya fita, yadda muke yi in hannun dama ya ɓaci da man shanu. Kin ji?"

"Na ji, Inna."

Ya Kura ta kusa yin tsalle a kan tabarmar mutane. Dama ta taɓa hagu! Ai shi ne haɗa hannaye a ƙirji da take ta fama da yara su riƙa yi kafin saki.

Kwanakin da suka rage, kullum lokacin tara suna bayan ajujuwa su biyu. Kada a ce abin ya zo da sauƙi. Hannun da ya shekara goma sha wani abu yana ɓoye ba shi da saiti, ƙarfi ne da shi kamar ɗan maraƙin da aka kwance. Ƙwallo ya tafi dama, ya tafi hagu, sau ɗaya ma ya shiga tagar ɗakin ajiya. Amma ƙafafun nan sun daina harɗewa tun jifan farko. Dama na dira a gaba daram, jiki ya juya, hannu ya shafi kunne a miƙe, ba a ko nemi kwalin taliya ba.

"Haɗa su a ƙirji," Ya Kura ke cewa. "Dama ta gaisa da hagu, ta tashi ta nuna masa hanya, shi kuma ya biyo."

Ranar Alhamis Malam Daudu ya fito fili, ya tuɓe babbar riga ya ba maigadi, ya naɗe hannun 'yar ciki. Ya riƙe katakon yana gaya wa malamai cewa a zamaninsa shi ma ba a wasa da shi a filin ƙwallo. Zulaikha ta jefo, ya tare da ƙyar, ya ce ta wuce. Sadiyya ta jefo, ƙwallon ya dira a gefen toka ya gangara, ya ce ta wuce amma don Allah ta rage surutu. Ɗaya bayan ɗaya suka bi layi, har aka zo kan ta ƙarshe. Wata daga baya ta ce, "Sarkin Tuntuɓe, a matsa mata hanya," aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Tasalla ta je wurin fara gudu. Maimakon ta taho, sai ta durƙusa har ƙasa.

"Baba, a yi mini afuwa. Da hagu zan jefo."

Malam Daudu ya dubi Ya Kura, ya dubi yarinyar. "Ke dai jefo, 'yata, ko da ƙafa ne."

Ta taho. Tsoro ya sa dama ta riƙe hagu ta ƙi saki da wuri, ƙwallon ya fita a makare ya bi gefe can, bai ko kusanci toka ba. Malam Daudu ya ɗaga gira ya dubi Ya Kura, irin kallon nan na na gaya miki. Ya Kura ta kawar da kai. Ta ɗauko ƙwallon da kanta ta kai wa Tasalla.

"Gaisuwa ce kawai, ba zama za ta yi ba," ta ce a hankali. "Ta taɓa, ta wuce."

Tasalla ta gyaɗa kai. Ta sake durƙusawa, ta sake neman afuwa, wannan karon ba wanda ya yi dariya. Ta taho da gudu, hannaye suka haɗu a ƙirji, dama ta tashi ta nuna sanduna, ƙafa ta dira, hagu ya zagayo a miƙe. Ƙwallon ya daki tsakiyar toka har ta yi ƙura. Tun da aka fara daga ɓangare ɗaya ƙwallo ke zuwar wa Malam Daudu, wannan kuwa ta ɗaya gefen ya ɓullo. Ya kai duka da iya ƙarfinsa, ya daki iska, hularsa ta faɗi. A bayansa sandar tsakiya ta tuge ta kwanta.

 Sai ga Tasalla a guje, ta zube a gabansa.

"Baba, don Allah a yi haƙuri, ban yi da gangan ba."

"Wallahi da gangan ta yi!" Sadiyya ta ƙwala, fili kuwa ya kece da ihu da guɗa, har maigadi na tafa hannu, babbar rigar shugaba a hammata.

Malam Daudu ya ɗauki hularsa ya karkaɗe, ya dubi sandar da ke kwance, ya dubi yarinyar da ke durƙushe. Dariya ta ƙwace masa har tumbinsa na rawa. "Tashi, 'yata. In kun je Kazaure haka za ki yi musu, kuma kada ki ba kowa haƙuri."

Da aka tashi, Tasalla ta tuge sauran sandunan ta zuba a jaka kamar kullum. Ta goge ƙwallon da gefen hijabinta, ta kawo wa Ya Kura, ta ɗan rusuna ta miƙa mata da hannun dama. Ya Kura ta karɓa. Murna take yi, amma ƙarƙashin murnar akwai wani abu mai ɗaci, domin ta tuna rubutun nan na hannun dama mai kama da sawun tururuwa da duk sunayen da aka kira yarinyar saboda shi.

Tasalla ta saɓa jaka ta nufi ɗakin ajiya, yara na binta suna ta zuba. Ya Kura ta tsaya tana kallon bayanta. Hannun hagun yana waje, yana lilo a gefenta, da sauran toka a yatsun, kuma har ta sha kwana ba ta mayar da shi cikin hijabi ba.